Salun mai lantarki a Bauchi: ƙarfin doki 500, soket ɗaya

A bayan BYD Seal mai inji biyu, motar lantarki ƙirar Chana, wajen da wasu kamfanoni kan rubuta girman inji, abin da aka liƙa shi ne 3.8S. Wato daƙiƙa 3.8 kacal take buƙata daga tsayuwa cik zuwa gudun kilomita 100 a awa, abin da tsohuwar Corolla sai ta kwashe wajen daƙiƙa goma tana nishi kafin ta kai. Ita ma Seal ɗin ƙanwa ce a wannan fage. Tesla Model S Plaid da ta fito a 2021 injina uku gare ta da ƙarfin doki sama da 1,000, tana cin wannan zango a daƙiƙa biyu da ɗoriya. Porsche kuwa tun 2019 ya fito da Taycan. Waɗannan lambobin ne ke yawo a wayoyin samari, a kansu ake ta musu a teburin mai shayi daga Wunti har Yelwa. Amma tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka cire tallafin mai, maganar ta wuce samari. Masu abin hannunsu, waɗanda in sun so gobe za a ɗoro musu ita daga Legas, sun fara tambaya ko irin wannan mota za ta zaunu a garin nan.

Za ta zaunu, amma ba a kowane gida ba, kuma abin da zai raba gardamar yana jikin bangon gareji ne, ba jikin motar ba. Sai dai bari mu fara da tuƙin, don a nan ne ba ta da abokin karawa.

Injin fetur ba ya sakin ƙarfinsa sai ya yi ƙara. Ka taka totur, giya ta sauko, inji ya yi kuka, sannan mota ta zabura. Injin lantarki ba ya wannan jan ƙafa. Ƙarfin juya tayarsa yana nan cikakke tun daga juyin farko, kuma yawancin motocin nan giya ɗaya tal gare su, in ban da Taycan da aka yi wa biyu a baya. Kana takawa tana tafiya. Duk wanda ya saba bin hanyar Gombe ya san inda wannan ke da rana. Kwalta ɗaya ce mai zuwa da mai komawa ke rabawa, kana dawowa ta Alkaleri ka tarar da tirelolin siminti biyu sun jeru suna rarrafe. A ƙaramar mota mai fetur sai ka leƙa ka koma, ka sake leƙawa, in ka fito kuma ka daɗe a hannun da ba naka ba zuciya na dukan uku-uku. Wannan motar kafin direban tirela ya ankara ta sha gabansa ta koma hannunta. A ganina wannan kaɗai ne wurin da ƙarfin doki 500 ke biyan kuɗinsa a hanyoyinmu.

A sauran wurare ƙarfin nan abin kiyayewa ne. Dokar hanya ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta ba ƙaramar mota kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a babban titi mai raba hannu. Direbanmu kuwa da kunne ya saba auna gudu: ƙarar inji da kaɗawar mota su ke gaya masa ya yi yawa. A nan babu ko ɗaya. Kana hira da na gefenka a muryarka ta cikin ɗaki, ka dubi allo ka ga 140. Na waje ma ba su ji ta. Yaron da zai tsallaka titi a Muda Lawal, da ɗan acaɓan da ke juyawa ba tare da waiwaye ba, da akuyar da ke kwance a bakin kwalta, duk da ƙarar inji suke sanin mota na tafe. Turai ta ga wannan matsala, shi ya sa tun 2019 ta wajabta wa sababbin motocin lantarki wani amo da suke fitarwa in suna tafiya a hankali, amma a hayaniyar kasuwarmu wannan ɗan amo ba ya zuwa ko'ina. Hon ne zai ci gaba da aiki. Akwai tsarin tuƙi mai sanyi da ake zaɓa a allo, wanda ke rage zaburar motar, kuma duk maigidan da zai miƙa makullin ga direba ko ga babban ɗansa ya kamata ya san inda yake. Iyali a kujerar baya ma za su gode, domin fizgar da ke faranta ran mai sitiyari ita ce ke tayar wa na baya zuciya.

Abu na biyu da hannu zai ji shi ne nauyi. Batirin yana shimfiɗe kamar katifa a ƙarƙashin motar, daga tayoyin gaba zuwa na baya, kuma shi kaɗai ya kai rabin tan ko kusa da haka. Seal mai inji biyu ta haura tan biyu, alhali Corolla ba ta wuce tan ɗaya da kilo 300 da wani abu ba. Da yake nauyin a ƙasa yake, motar ba ta rangaji a kwana. Ta manne wa kwalta har ka manta girmanta. Birki ne ke tuna maka. Tan biyu in ya ɗauki gudu, tsayar da shi sai da fili. Sauƙin da aka samu shi ne, da zarar ka ɗaga ƙafa daga totur injin kan juye ya zama janareta, ya riƙe motar yana mayar da wuta cikin batir. A Tesla har kana iya yini a gari da feda ɗaya, ba ka taɓa birki sai an yi maka shigar ba-zata. Gangarowa daga Jos kyakkyawan misali ne. Jos tana sama da Bauchi da wajen mita 600, kuma mota mai tan biyu da ke saukowa daga wannan tsayi tana ɗauke da ƙarfin da ya kai yunit uku da ɗoriya na wuta. Mai fetur birki da inji yake ƙona wa wannan ƙarfi a gangaren Tilden Fulani da Toro. Mai lantarki kaso mai kyau yake mayarwa rumbu, takalmin birkinsa kuma ya daɗe bai cinye ba.

Inda hankali ya kamata ya tashi shi ne ƙasan motar. Tazarar cikinta da ƙasa santimita 13 zuwa 15 ce, kuma a lissafi ba ta yi nisa da ta Camry ba. Bambancin biyu ne. Na farko tsawon da ke tsakanin tayar gaba da ta baya: mita 2.6 ne a tsohuwar Corolla, a Seal mita 2.9 da ɗoriya, kuma iya tsawon wannan tazara iya sauƙin da ciki zai zauna a kan tudu. Na biyu abin da ke cikin. Camry in ta gurji tudun rage gudu salansa ce ke ji, mai walda ya gyara kafin la'asar. Wannan kuwa abin da ya fi komai tsada a jikinta ne ke kallon ƙasa. An yi masa garkuwa, gurza ɗaya ko biyu ba za ta yi komai ba, amma dutsen da ya lotsa akwatin batir wata magana ce daban. Ka duba ƙofar gidanka da kyau: siminti ya tashi daga titi ya hau kan kwalbati, sannan ya gangara cikin gida, ga ƙarfen ƙasan get a tsakiya. Da yawa daga gidajen Fadaman Mada da Federal Low-cost haka mashigarsu take, don da jif ko Corolla a zuciya aka gina su. Tesla Model S da manyan Taycan suna da ƙafafun iska da ke ɗaga motar in an danna, Seal da Tesla Model 3 ba su da shi. Dabarar da makanikai ke yi wa Corolla ta ƙara mata tsayi kuwa ba abin gwadawa ba ce a nan.

Tayoyin su ma na kwaltar Jamus ne. Wili mai inci 19 zuwa 21 da siririyar roba a kai, rami ɗaya mai kaifin baki a hanyar Ningi ya isa ya fasa taya ya lanƙwasa wili. Safaya babu a but, sai ɗan famfo da ruwan liƙi. Nauyi da fizga kuma suna cin roba fiye da yadda ka saba. In ka tsaya wajen mai faci kada ka zauna a mota. Zai jawo jak ya tura ƙarƙashi inda ya saba turawa, yana cewa "Alhaji, minti biyar ne." Ka durƙusa ka nuna masa 'yan wuraren da aka ware wa jak a gefen motar, domin taƙi ɗaya daga nan batir ne zai ɗauki nauyin.

Saboda waɗannan dalilai, da za a nemi shawarata, ƙaramar 'yar'uwar Seal mai inji biyu zan nuna. Seal mai inji ɗaya batirinsu guda, yunit 82 da rabi, ƙarfin doki 300 da 'yan kai, tana kai 100 a daƙiƙa 5.9, wanda har yanzu ya fi kusan duk abin da za ka haɗu da shi tsakanin Bauchi da Gombe. Ta fi sauƙin kuɗi, ta fi rashin nauyi, kuma a takarda tana tafiyar kilomita 570 inda mai inji biyu ke tsayawa a 520.

Yanzu sai maganar wuta. Yunit ɗin da kake saye a mitar gidanka shi ne ma'aunin batirin motar. Irin waɗannan motoci, da esi a kunne, suna cin wajen yunit 18 zuwa 20 a kowane kilomita 100. Soket ɗin bango na gida, in ana son kada ya yi zafi, kilowat biyu da ɗan wani abu yake bayarwa, saboda haka cika batir mai yunit 82 daga ƙasa zai ci fiye da awa 35. Wannan lambar ce ke firgita mutane, kuma ita ce ba ta da muhimmanci sosai, don ba wanda ke jira batir ya ƙare. Mutumin da ke kai yara makaranta, ya wuce ofis, ya leƙa kasuwa, ya je gaisuwa da yamma, da wuya ya haura kilomita 40 a Bauchi. Yunit takwas ke nan, awa huɗu a soket. In aka kafa akwatin caji mai kilowat bakwai a bango, awa ɗaya da 'yan mintoci ya mayar da abin da ka ci a yini, dare ɗaya kuma ya cika motar daga ƙasa.

Kuɗin ma mai daɗin ji ne. A Afrilun 2024 aka kai farashin rukunin A, masu alkawarin wutar awa 20 a rana, naira 225 kan yunit, daga baya aka ɗan sassauto zuwa 200 da 'yan kai. Mai tafiyar kilomita 1,200 a wata zai ci yunit 240, wajen naira 50,000. In motarsa ta fetur na shan lita 10 a kilomita 100, muka ƙaddara lita naira 900, wannan tafiyar naira 108,000 ce. Ga baƙin mai babu, filogi babu, bel babu, salansa babu.

Duk wannan lissafi a kan wutar da ta zo ne, kuma ta zo da ƙarfinta. Caja ta fi firji da talabijin tsantseni. In ƙarfin wutar ya faɗi, irin daren da fanka ke juyawa da ƙyar ƙwai ya yi ja, sai ta rage ja ko ta tsaya. In gidan ba shi da sandar tagullar nan da ake binnewa a ƙasa, wadda masu wayarin da yawa ke tsallakewa don rage kuɗi, caja da dama ba za su ma fara ba, sai dai ka ga jar fitila tana ƙyaftawa. Soket ɗin kasuwa mai araha kuwa da aka yi don cajin waya, in ya ɗauki wannan nauyi awa huɗu a jere, da safe za ka ji ƙaurin roba ka ga bakinsa ya yi baƙi. Ana buƙatar waya mai kauri da ta taho kai tsaye daga akwatin rabon wuta, da abin katse wuta nata na kanta. Kafin ka kira dillalin mota, mai gyaran wuta za ka fara kira, ya zo da ma'auninsa da ƙarfe takwas na dare, lokacin da kowa a layin ya kunna kayansa.

Sannan akwai ranar da wutar ba za ta zo ba sam. Jama'ar yankin nan ba su manta da Afrilun 2024 ba, lokacin da ɓarayin ƙarfe suka kayar da turakun babban layin Jos zuwa Gombe, Arewa maso Gabas ta shafe makonni cikin duhu. A irin wannan hali mai mota zai dubi janareta, a nan kuma ribar ke zubewa. Babban injin dizal yana ba da wajen yunit uku a lita, wato lita bakwai a kilomita 100, kuma dizal ya fi fetur tsada. Ƙaramin janaretan fetur bai kai yunit biyu a lita ba, ka ga an koma lita goma ko fiye. Motar ta koma shan mai, sai dai ta bayan gida.

Sola ce ke sauya lissafin, kuma rana dai Allah ya hore mana. Kilowat ɗaya na faifan sola a Bauchi yana ba da yunit huɗu zuwa biyar a yini, in ana share masa ƙurar hunturu. Faifai huɗu masu wat 550 sun isa ciyar da mai tafiyar kilomita 40. Sharaɗin shi ne inbatar gidan ta iya ɗaukar nauyin, kuma motar ta kasance a gida ko a inda faifan suke da tsakar rana. Ɗan kasuwan da ke da sola a kan rufin shagonsa ko masana'antarsa, yana ajiye mota daga hantsi zuwa la'asar, shi aka yi wa motar nan. Ma'aikacin da ke fita bakwai ya dawo magariba sai ya ƙara sayen batiran gida da za su tara masa wutar, kuɗi a kan kuɗi. Wani abin da ba a cika faɗa ba: Seal tana iya fitar da wuta ta ba kayan gida wajen kilowat uku. Yunit 82 ya ninka batirin sola na gida mai yunit goma sau takwas, don haka a ranar duhu firji da fankoki za su iya kwana a jikinta. Salun ɗin Tesla ba su zo da wannan ba.

Doguwar tafiya ita ce iyakarta a yanzu. Kilomita 520 da ke takarda an auna shi ne a gwajin Turai, mai haɗa tafiyar gari da ta hanya. In lambar daga gwajin Chana ta fito, ta ma fi haka zaƙi a baki. Iska kuwa iya gudunka iya turjiyarta, kuma ba daidai wa daida ba: ka ninka gudu, turjiyar ta ninka sau huɗu. Mai tafiya 120 zuwa 130 da esi, ya cire kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na lambar takarda. Jos, wajen kilomita 130, zuwa da dawowa ba fargaba. Yankari ma haka. Gombe, kilomita 150 da wani abu, za a je a dawo in an tausaya wa totur. Kano, kusan 300, zuwa kaɗai ne, sai ka san gidan da za ka kwana ka jona. Abuja ta haura 400, ba a yi mata shiga ɗaya. Taycan ta farko tana iya shan kilowat 270 ta tashi daga kashi 5 zuwa 80 cikin minti 22 da rabi, amma kilowat 270 kusan ƙarfin taransifomar unguwa guda ne, kuma 'yan injinan cajin gaggawa da ke ƙasar nan yawancinsu a Legas da Abuja suke. An dai fara motsi a Arewa. A 2021, lokacin da Jelani Aliyu ke shugabantar hukumar bunƙasa ƙera motoci, an buɗe tashar caji mai sola a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, Maiduguri kuma ta yi gaba da bas da tasi masu lantarki. Kafin abin ya game hanyoyi, gidan da ke da wannan salun yana buƙatar ta fetur a gefe. Ko an samu wurin cajin ma a duba bakin filogi, don na Amurka daban, na Turai daban, na Chana daban.

Zafin Maris da Afrilu, da ke taɓa digiri 40, ba ya hana ta tafiya. Batirin yana da ruwan sanyaya shi, har za ka ji fankarta na aiki tana ajiye ba kowa a ciki. Illar a hankali take zuwa: batirin da ke yini a rana cike maƙil ya fi saurin tsufa. Rumfa dole ce. Irin batirin Seal, mai sinadarin ƙarfe da fosfet, ya fi jure zafi kuma ana iya cika shi ɗari bisa ɗari. Na Model S da Taycan mai nikel ne, kullum a tsayar da shi wajen kashi 80 sai ranar tafiya. Da damina kuma, duk da ba ta da hancin shaƙar iska da ruwa zai shiga ya kashe inji, kada a ɗauke ta kwalekwale.

Gyara ne inda ba na iya kwantar wa kowa hankali. Abin lalacewa kaɗan ne, gaskiya, amma ranar da ya lalace ba aikin rewayan bakin titi ba ne. Wayoyin nan masu ruwan lemo bolt 400 ko fiye ne a cikinsu, a Taycan 800, taɓa su da ka na iya zama ajali. Sau da yawa abin da ke tsayar da motar ma ƙaramin batirin nan ne mai bolt 12, wanda in ya mutu ko ƙofa sai da dabara za ta buɗu, alhali babban cike yake. In ta tsaya a hanya ba a ɗaura mata igiya a ja, don tayoyin na juya injin. Sai motar ɗaukar mota, kuma wataƙila har Abuja ko Legas. Tesla ba shi da wurin gyara nasa a Nijeriya. Garantin shekara takwas da kamfanonin nan ke ba batir yana da amfani ne in akwai wakilin da zai karɓi motar a inda kake.

Wanda zai saya ta hannu ya ninka hattara. Da yawa daga motocin da ke shigowa daga Amurka na gwanjon haɗari ne ko na ambaliya, an gyara fuska an fesa fenti. A mai fetur makaniki zai buɗe bonet ya saurari inji, ya duba hayaƙi, ya ce maka saya ko bari. A nan babu abin saurare. Abin da ake nema shi ne lafiyar batir, kaso nawa ya rage daga ƙarfinsa na asali, kuma na'ura ce ke karanta shi, sannan a ɗaga motar a duba cikinta da tocila ko akwai lotsawa ko alamar laka a inda bai kamata ba. Dillalan Bauchi har yanzu da fenti da lambar kilomita suke yanka wa mota kuɗi, don haka ranar da za ka sayar, mai sayenka wataƙila daga Abuja zai zo, kuma takardar gwajin batir zai fara tambaya.